Yadda Ake Rage Kumburin Ƙasan Ido

Kumburin ƙasan ido yakan biyo bayan ƙarancin barci, yawan gishiri a abincin dare, ko ƙurar hunturun da ke lulluɓe Damagaram.

Da farko a wanke fuska, a goge ragowar kwalli. Sannan a tsoma tsumma mai tsabta cikin ruwan randa mai sanyi, a matse shi, a rufe idanu a ɗora shi na minti 10. Idan ya yi ɗumi, a sake tsomawa. Kada a murza ido, komai ƙaiƙayinsa.

Da dare a rage gishiri da magi a miya, a ƙara matashin kai wajen kwanciya.

Idan kumburin ya ƙi sauka, musamman in ƙafafu ma sun kumbura, a hanzarta ganin likita, domin ciwon ƙoda yana iya bayyana ta haka.