Jera ɗigogin iyakar fili a tazara ɗaya cikin PostGIS: kurakuran da aka fi yi

Duk wanda ya buɗe taswirar gonaki ko filayen Gombe a manhajar taswira ta QGIS ya kunna ɗigogin iyaka ya san yadda suke. Inda aka bi gona a ƙafa da GPS, ɗigogi sun cunkushe kamar tururuwa. Inda aka zana daga hoton tauraron ɗan'adam kuwa, sai a yi mita ɗari babu ko ɗaya. Wasu ayyukan suna buƙatar tazara iri ɗaya: ramukan turakun shinge, wuraren dasa bishiyoyi a kewayen gona, ko karanta tsayin ƙasa a gaɓar tafkin Dadin Kowa. Umarnin da ke yin wannan a PostGIS, wato ƙarin da ke ba rumbun bayanai na PostgreSQL damar sarrafa taswira, ba shi da tsawo, amma wuraren tuntuɓe suna da yawa.

Digiri a matsayin mita

Yawancin bayanan da ke fitowa daga waya da GPS suna kan SRID 4326 (SRID lamba ce da ke nuna tsarin awon taswira), wanda awonsa digiri ne. Idan aka ba ST_Segmentize, mai ƙara ɗigogi a kan layi, lamba 10 a kan irin wannan siffa, an ce mata digiri 10 ke nan, wato sama da kilomita 1,100, sai ta dawo da filin yadda yake, mutum ya ɗauka umarnin ne ba ya aiki. Garuruwan Bauchi da Gombe duk suna yanki na 32 na UTM, tsarin da awonsa mita ne, saboda haka a fara juya siffar zuwa 32632, lambar wannan yankin, da ST_Transform. ST_SetSRID ba ta yin wannan aikin, laƙabi kawai take sauyawa, lambobin suna nan a digirinsu.

Tsofaffin takardun safiyo kuma sau da yawa a kan ma'aunin Minna suke: 26332, ko 26392 na tsakiya, ko 26393 na gabas. Layin da ya raba na tsakiya da na gabas yana kan digiri 10 da minti 30, tsakanin garin Bauchi da garin Gombe ya ratsa. A duba takardar kafin a laƙaba lamba.

Zaton ST_Segmentize na daidaita tazara

Ba ta daidaitawa. Abin da ta yi alkawari shi ne babu guntun layin da zai wuce tsawon da aka ba ta. Ƙara ɗigogi take yi, ba ta cire ko ɗaya. Daga PostGIS 3.0, idan aka ba ta mita 10, gefe mai mita 25 zai rabu gida uku, kowanne 8.33, na kusa da shi mai mita 12 ya rabu gida biyu na mita 6, ɗigogin GPS da ke rabin mita da juna kuma su ci gaba da zamansu. Idan cika giɓi kawai ake so ba tare da an taɓa siffa ba, ita ce daidai. Idan tazara ɗaya ake nema, sai ST_LineInterpolatePoint, mai fitar da ɗigo a kan kason tsawon layi da aka ba ta, daga 0 zuwa 1.

Ba ta fili maimakon layi

ST_LineInterpolatePoint layi kaɗai take karɓa, dole a ciro zoben iyaka tukuna. ST_Length a kan fili sifili take bayarwa, daga nan ne kuskuren rabawa da sifili ke fitowa. ST_ExteriorRing, mai ciro zoben waje, kuma NULL (wato babu komai) take mayarwa idan siffar MultiPolygon ce, wato tarin filaye a siffa guda, shp2pgsql kuwa, mai shigo da fayilolin taswira cikin PostGIS, haka yake shigo da filaye in ba a hana shi ba. Babu ƙorafi, babu jan rubutu, sai dai a ga rabin teburi fanko. A warware su da ST_Dump.

Zoben waje kaɗai ma bai isa ba idan filin na da huda a ciki, kamar gonar da aka cire mata dutse ko kududdufi a tsakiya. ST_DumpRings na fito da zobba duka, mai lamba 0 shi ne na waje. Kowanne a yi masa lissafinsa dabam, sannan a mayar wa ST_MakePolygon na cikin a jere. In ba haka ba faɗin gonar zai ƙaru ba a sayi ƙasa ba.

Ragowar tsawo, da rabon da ke ba da sifili

Kewaye mai mita 91.44 ba ya rabuwa goma-goma. In aka nace sai mita 10 cif, guntun ƙarshe zai zama 1.44. Gyaran shi ne a fara lissafa adadin gaɓoɓi, a bar tazarar ta ɗan motsa:

```
SELECT lamba, ST_MakePolygon(ST_MakeLine(
  ST_LineInterpolatePoint(zobe, i::float8 / n) ORDER BY i)) AS sabo
FROM (SELECT lamba, zobe,
        GREATEST(round(ST_Length(zobe) / 10)::int, 3) AS n
      FROM (SELECT lamba, ST_ExteriorRing(siffa) AS zobe
            FROM filaye) a) b,
     generate_series(0, n) AS i
GROUP BY lamba;
```

Wannan na filaye ne marasa huda da aka riga aka juya zuwa 32632. Abu uku a cikinsa ba ado ba ne. Idan aka cire float8, PostgreSQL zai raba cikakkiyar lamba da cikakkiya ya yar da ragowa, duk ɗigogin su taru a mafari. Idan aka cire ORDER BY, babu tabbacin jerin, iyaka na iya fitowa kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ƙirga daga 0 har zuwa n kuma shi ke rufe zoben, domin ɗigon ƙarshe ya faɗa kan na farko. ST_MakePolygon ba ta karɓar zoben da bai rufu ba, ko wanda bai kai ɗigo huɗu ba, dalilin sa 3 ke nan.

A manyan iyakoki ST_LineInterpolatePoints, da ta zo a 2.5, ta fi sauri, sai dai ba ta haɗa da ɗigon mafari, kuma a ƙirga abin da ta bayar da ST_NumGeometries. A kuma yi tunani kafin a zaɓi tazara. Gandun dajin Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244, kewayensa ya haura kilomita 160, tazarar mita ɗaya ɗigo sama da 160,000 ke nan a siffa guda.

Kusurwoyi suna tafiya

Wannan ne mafi tsada, domin taswirar takan fito da kyan gani. Ɗauki fuloti ƙafa 50 a 100, wato mita 15.24 a 30.48, faɗinsa murabba'in mita 464.5. Umarnin da ke sama zai raba shi gida tara, tazara 10.16. In an faro daga kusurwa aka bi dogon gefe, ɗigo zai faɗa daidai kan kusurwa ta biyu, amma ta uku da ta huɗu za su faɗa tsakanin ɗigogi, mita 5.08 ta kowane ɓangare. Sabon layin zai yanke su. Kowace ta tafi da murabba'in mita 12.9, jimilla 25.8, fiye da kashi biyar cikin ɗari na fulotin. A kusurwoyin nan kuma safiyo ya kafa duwatsun iyaka.

Ko tazarar ma a kan tsohuwar iyaka ce take 10.16. A wurin da aka yanke kusurwa, tsakanin ɗigogin biyu kai tsaye mita 7.18 ne.

Ba a samun tazara ɗaya cif da kusurwoyi cikakku a lokaci guda, sai an zaɓa. Ga fulotai da gonaki masu miƙaƙƙun gefuna, a yanka zoben a kowace kusurwa, a raba kowane gefe shi kaɗai. Ga gaɓar tafki ko bakin kogi, inda babu kusurwar da wani zai kai ƙara a kanta, tazara ɗaya ta wadatar. Ko wanne aka zaɓa, sakamakon ya shiga sabon teburi. Kada a yi UPDATE a kan siffar da aka auno daga fili.

Maƙwabta

Gonaki biyu masu iyaka ɗaya, in aka yi wa kowace nata lissafin, mafarinsu da tazararsu sun bambanta, sai iyakar ta rabu biyu: nan siririn giɓi, can hawa kan juna. A ciro layukan duka da ST_Boundary, a haɗe su da ST_Union, a ɗinke da ST_LineMerge, a jera ɗigogi sau ɗaya a kan kowane layi tare da barin bakunansa biyu inda suke, sannan ST_Polygonize ta sake gina filayen. Lambobin filaye ba sa biyo su, ana mayar da su ne da ST_PointOnSurface na sabon fili a kan tsohon teburi.

Kafin a miƙa aiki, a gwada ST_IsValidReason, domin fili mai siririn wuya na iya harɗe kansa idan tazarar ta fi wuyan faɗi. A kwatanta ST_Area na tsoho da na sabo, a kuma duba ST_HausdorffDistance, wato nisa mafi girma da ke tsakanin tsohuwar iyaka da sabuwa. Filin da bambancinsa ya wuce abin da aikin zai lamunta, a rage masa tazara a sake.