Yadda Ake Gano Abin Da Ya Rage Wa Tsohon Injin Ban Ruwa Ƙarfi

Inji ya tashi lafiya lau, amma da ya kama ruwa sai nishi, abin da ke fitowa daga mesa bai fi na buta ba. Sabon hannu nan take zai zari sukudireba ya far wa kafireto. Ƙyale kafireto tukuna, shi ne na ƙarshe.

Fara da mesar zuƙo ruwa. In tana shan iska, ko ciyawa ta toshe rariyar bakinta, injin ba shi da laifi. Sai matatar iska, musamman bayan hunturu: cire soson ka tayar da injin na minti ɗaya. In ƙarfi ya dawo, wanke shi da ruwan sabulu, ya bushe, ka ɗiga baƙin mai kaɗan ka matse. Fulogi kuwa kada ka wahalar da kanka da kankarewa, sayi sabo, ratar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bawul, nan ne ni ma na ɓata kwana biyu albasa na jiran ruwa. A tsohon samfurin Honda GX160, ratar bawul ɗin shigar mai milimita 0.15 ce, ta na fitar hayaƙi 0.20, kuma sai inji ya huce sarai ake aunawa. Kwance murfin da aka rubuta wa OHV, cire fulogi, ka ja igiya a hankali. Fistin yana hawa ƙololuwa sau biyu, ɗaya ne kawai naka: wanda bawul duka biyu suke rufe, hannuwan da ke danna su suna ɗan motsi in ka taɓa. Ni a ɗaya hawan na auna, na ƙare da rata mai faɗi, inji yana ta ƙwas-ƙwas. Zura filageji, wato siririn ƙarfen auna rata, tsakanin bawul da hannun da ke danna shi, ya riƙa wucewa da ɗan ja, ba sakwaf ba. Kada ka yarda da reza ko kwalin ashana, gejin ba shi da tsada. Bayan ka ɗaure noti sake aunawa, don ɗaurin kan ja ratar.

In har yanzu shiru, to zubar da tsohon fetur, buɗe kafireto, busa jet, wato ƙaramin bututun da fetur ke bi, kada ka soke shi da allura. Duba salansa ko ta cushe, da sifirin gwamna, wato na'urar daidaita gudun inji, ko ya saki. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da shan baƙin mai kuwa ringin fistin ne, kai wa bakanike.