Ƙulli a jikin doki: a bar likita ya duba tukuna

'Yan uwa masu dawaki a Daura, in ƙulli ya fito wa doki a ƙafa ko wuya, kada a yi garajen sakiya ko lalas. A kira likitan dabbobi. Da siririyar allura zai zuƙo ɗan abin da ke ciki, ya shafa a gilashi, ya rina, ya duba a madubin likita. Nan ake gane mugunya ce, kitse ne, ko ciwon daji. Yawanci ko allurar barci ba a yi.

Da ƙulli ya fito wa dokina gab da hawan Sallah, na yi ta ɗirka masa penisilin a banza, ashe fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, wanda penisilin ba ya taɓawa.

Don Allah kada a shafa baƙin mai a wurin kafin likita ya zo, yana ɓata gwajin.