Yadda za a ci moriyar laftof mai naɗewa ba tare da an kashe hinjinta ba

Laftof mai juyawa digiri 360, irin Lenovo Yoga da ta fara fitowa a 2012 ko HP Spectre x360, tana da zama huɗu, amma ba daidai suke da amfani ba. Zaman laftof shi ne na aikin kullum. Sauran ukun na buƙata ne, kuma wanda ya saye ta don ya riƙa riƙe ta a hannu kamar waya zai gaji da wuri: mai inci 13 zuwa 14 takan kai kilo 1.3 zuwa 1.5, alhali iPad mai inci 11 ba ta wuce rabin kilo ba. In ka naɗe ta gaba ɗaya ta koma kamar allon karatu, ɗora ta a cinya ko a tebur.

Zaman tanti, inda take tsayawa kan gefunanta biyu, ya fi dacewa da kallo ko bin darasi a ƙaramin tebur, kuma iska na ratsa ta sosai. Zaman da kibod ke kife a ƙasa ya fi ƙarfi idan za ka riƙa taɓa sikirin da yatsa, domin ba ya rawa. Sai dai ka share teburin tukuna. Tsakuwa ɗaya ko ɗigon shayi ya isa ya shiga tsakanin maɓallai. Kibod ɗin kan mutu da kansa da zarar an wuce digiri 180. Idan sikirin ya ƙi juyawa, danna Windows da O tare, wannan ne ke buɗe makullin juyawa. A Windows 11 an cire maɓallin sauya ta zuwa yanayin tablet da hannu, na'urar ce ke ganewa da kanta.

Hinji, wato maɗaurin da ke haɗa murfi da ƙasan, shi ne ran wannan kwamfuta, kuma nan ake yawan yin asara. Wayoyin da ke kai hoto da taɓi zuwa sikirin ta cikinsa suke bi. Buɗe ta daga tsakiyar murfi, ɗaya hannun yana danne da ƙasan, kada ka ja ta kusurwa ɗaya, domin hakan na ɗora wa hinji guda duk nauyin har kusoshinsa su tsinke daga robar da ke riƙe su. Kada ka ɗaga ta ta sikirin. Da ka ji ƙara-ƙaras lokacin buɗewa, ko ka ga bakin murfi ya fara rabuwa kusa da hinjin, daina naɗe ta ka kai wa mai gyara. Ɗaure kusa aiki ne mai arha, amma in aka bari hinjin ya tsaga gilashin sai an canja sikirin ɗungurungum, tunda gilashin taɓi a manne yake da shi. Lokacin hunturu ƙura na taruwa a nan ta sa ya yi tauri. A share da busasshen buroshi, ban da zuba mai.

Alƙalamin rubutu a sikirin kuwa, ba kowanne ke aiki da kowace kwamfuta ba. Akwai tsarin MPP na Microsoft, da AES na Wacom, da USI da Chromebook ke amfani da shi. Duba lambar samfurin kwamfutarka kafin ka biya kuɗi. Wasu suna cin batir AAAA, wanda ya fi AAA siriri kuma ba ko'ina ake samunsa ba, don haka mai caji ta USB-C ya fi sauƙin riƙo.

Idan sikirin ya fara danna kansa ba ka taɓa ba, zare caja ka gani. In ya daina, matsalar daga caja ce ko wutar janareta, sai ka nemi caja ta asali mai watt 45 ko 65, gwargwadon abin da aka rubuta a ƙasan na'urar. In bai daina ba, kashe ta ka goge gilashin da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa, kada ka fesa ruwa kai tsaye. Sannan shiga Device Manager, ƙarƙashin Human Interface Devices, ka kashe HID-compliant touch screen ka sake kunna shi. Idan har yanzu yana yi a wuri ɗaya, wayar hinji ce ko gilashin kansa.