Yadda za ka bi sawun oreksin daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙwayar magani

Ɗaliban ilimin magunguna sukan ruga haddace sunayen furotin. Ni dai abin da nake ce musu shi ne, fara da tambayar nan: in wannan sinadari ya ɓace, me zai sami mai shi?

Gwada da oreksin, wani sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa. A 1998 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka gano shi, ta Masashi Yanagisawa a Dalas, da ta Luis de Lecea da Gregor Sutcliffe a Kalifoniya. Ƙwayoyin jijiyar da ke yin sa suna cikin haifotalamas, wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, ba su ma kai dubu 100 ba. A 1999 Emmanuel Mignot na Jami'ar Stanford ya nuna cewa karnukan da ke zubewa ƙasa suna tsakar wasa, makarɓin oreksin ɗinsu ne ya lalace, wato furotin ɗin da oreksin ke zama a kai don isar da saƙo. Mutane masu nakolefsi (cutar da barci ke kwashe mutum ba shiri) da ke zubewa haka kuwa, ƙwayoyin jijiyar ne suka mutu. Ke nan aikin oreksin riƙe mutum a farke.

Yanzu ɗauki biro ka zana hanyar, kar ka tsaya kallon zanen littafi. Oreksin iri biyu ne, A mai amino asid 33, B mai 28. Makarɓai ma biyu ne, OX1R da OX2R, kowanne ya ratsa bangon ƙwayar jijiya sau 7. OX1R ya fi son A, OX2R kuwa duk wanda ya zo maraba. Da oreksin ya zauna, makarɓin zai sauya siffa ya taɓa furotin G mai isar da saƙo daga ciki, kalsiyam ya yawaita, ƙwayar ta kunnu; ta haka ake tada cibiyoyin histamin da noradirenalin masu riƙe mutum a farke.

Magani kuma ɗayan biyu ne, ko ka toshe makarɓin ko ka kwaikwayi oreksin. Toshewa ta riga ta shiga kasuwa don rashin barci: suvorexant a 2014, lemborexant a 2019, daridorexant a 2022. Kwaikwayon, wanda masu nakolefsi ke buƙata, shi ne mai wuya, domin oreksin kansa ciki zai narkar da shi, kuma ba ya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da sauƙi. Kamfanin Takeda ya dakatar da gwajin TAK-994, maganinsa mai kwaikwayon oreksin, a 2021 saboda illar hanta, sai aka koma kan wasu sinadaran.

A ƙasan zanenka rubuta da jan biro: mai nakolefsi ba a ba shi suvorexant. Wanda oreksin ɗinsa ya riga ya ƙare, toshe masa makarɓi ƙara masa ciwo ne.