Yadda Ake Zaman Shawarar Yaƙi Tsakanin Shugaban Ƙasa da Hafsoshin Soji

Duk lokacin da aka sanar cewa shugaban ƙasa ya gayyaci manyan hafsoshin soji domin tattauna matsalar 'yan bindiga a Zamfara, mutanen Maru da Zurmi da Tsafe sukan kasa kunne, saboda abin da aka yanke a wurin ne zai nuna ko za a iya shiga gona a damina.

Mataki na farko shi ne a tantance masu zama. Kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi majalisar da shugaban ƙasa yake jagoranta, tare da mataimakinsa da ministan tsaro da babban hafsan tsaro da hafsoshin sojan ƙasa da na ruwa da na sama, kuma sashe na 218 ya danƙa masa ikon tura dakaru. Gwamna ba ya ba soja umarni, amma ya kamata a saurare shi, domin wurinsa hakimai suke kai kuka.

Bayan haka sai a karɓi rahoton fagen daga tun kafin kowa ya faɗi ra'ayinsa. Sai kwamandan Fansan Yamma, rundunar yaƙi da 'yan bindiga da ke Gusau, ya bayyana hanyoyin da ruwa ya yanke a yankin Ɗansadau, da garuruwan da 'yan bindiga suka ƙaƙaba wa haraji kafin girbi, da yawan motocin da suke tashi a zahiri, ba waɗanda suke rubuce a takarda ba. A ganina nan ne zaman yake gyaruwa ko ya lalace, domin hafsan da yake tsoron ɓata ran shugaba zai kawo labari mai daɗi kawai. Saboda haka ƙarami ya fara magana, shugaba kuma ya riƙe nasa ra'ayin sai kowa ya gama.

Na uku, a auna kowace shawara da nauyin da za ta ɗora wa talaka. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako-mako, an kuma hana sayar da fetur a jarka. Matakin ya takura ɓarayin daji, amma ɗan kasuwa da mai neman asibiti cikin dare su ma sun ji a jikinsu. A kuma tambayi inda waɗanda aka fatattaka za su nufa, Sakkwato ko Katsina ko Kebbi, domin a toshe hanyar tun da wuri.

Daga nan sai shugaba ya yanke hukunci guda. Tarihi ya nuna illar rashin haka: a 1805 jagororin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun saɓa kan ko a tsaya a Gwandu ko a fita a tari abokan gaba, aka fita da rabuwar kai, aka kuma yi mummunar asara a Alwasa. Don haka a rubuta umarnin a fili: wanda zai aiwatar, da mai da alawus ɗin da za a ba dakarunsa, da ranar da zai dawo da bayani. Lokacin tashin sojoji kuwa a taƙaita masu saninsa, saboda masu tsegunta wa 'yan bindiga labari suna cikin gari.