Yadda Ake Ba da Labaran Kaburbura da Azzaluman Masu Gonaki na Ƙasar Ailan

Malamin makaranta ko mai shirin rediyo a Maraɗi da ke son kawo wa jama'a waɗannan labarai ya fara da maganar gona kafin ya taɓa maganar kabari. Manomin Ailan na ƙarni na 19 ba gonar gado yake nomawa ba, haya yake biya, kuma mai gonar yana da ikon korarsa ya sa a rushe masa ɗaki. Da cuta ta lalata dankalin Turawa aka shiga yunwar 1845 zuwa 1852, kusan mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka bar ƙasar. Dattawan da suka ga yunwar El-Buhari ta 1984 ba sa buƙatar dogon bayani a nan.

Daga nan sai a kawo labarin ciyawar yunwa. Mutanen karkarar Ailan sun ce inda wani ya faɗi da yunwa bai samu jana'iza ba, ciyawa takan tsiro, duk wanda ya taka ta sai gwiwoyinsa su sage, yunwa ta kama shi nan take; shi ya sa matafiyi yake riƙe guntun burodi a aljihu. A faɗe shi a hankali, ba da muryar ban tsoro ba, domin a ganina makoki ne ga waɗanda aka kasa yi wa sutura.

Wajen masu gonaki kuwa, wajibi ne a raba abin da aka tabbatar da abin da baki ya ɗauko. Tabbas ne John George Adair ya kori mutum 244 daga Derryveagh a yankin Donegal a 1861. Amma cewa an jefa mushen kare a ramin kabarinsa kafin a binne shi, a sa masa "wai", sannan a bayyana wa masu sauraro cewa irin wannan zance shi ne abin da ya rage a hannun talakan da kotu ba ta saurare shi ba. Kada a yaba wa taɓa kabari, ko na azzalumi ne, domin mutanen Ailan da kansu sun yi imani cewa mai tone makwancin mamaci ba ya gamawa lafiya.

Mai neman ƙarin labarai ya shiga shafin dúchas.ie, inda aka ajiye waɗanda ’yan makaranta suka rubuto daga bakin kakanninsu tsakanin 1937 da 1939, ya kuma faɗi sunan ƙauyen da kowane labari ya fito in ya zo ba da shi.